Yadda Orville Tackett Ya Tsufar da Alfadari

Mu mutanen Las Vegas muna girmama tarihi ƙwarai da gaske. Shi ya sa duk ginin da ya kai shekara talatin muke ɗaura masa nakiya, mu fito da kujeru da lemo mai sanyi mu kalli faɗuwarsa.

Saboda haka duk abin da ka ga ya tsira daga tsohon gari, to ko dai mantawa aka yi da shi, ko kuma wani ya sace. Gadon Marlene, matar maƙwabcina Orville Tackett, yana cikin kashi na biyu. Mahaifinta shi ne mai riƙe da makullin ɗakin ajiya a wani gidan caca da ake kira Alfadarin Tagulla, wanda aka rufe tun tana budurwa. Ranar rufewa aka umarce shi ya kwashe sulallan caca, 'yan faya-fayan yumɓun nan da ake zubawa kan tebur a maimakon kuɗi, ya juye su cikin ɗanyen kankaren ginin da ake yi a gefe, kamar yadda ake binne sulallan duk gidan da ya mutu. Tsohon ya juye. Sai da ya rasu aka buɗe rumfarsa ta bayan gida, aka tarar ashe hannunsa ya gaji kafin ya juye duka.

Kwalaye ne jingim, kowanne shaƙe da sulalla a jere, ja da kore da baƙi, kowace ƙwaya da hoton alfadari a tsakiya yana yage baki. Gefensu kaifi, fuskarsu na ƙyalli. Da gani ka san hannu bai taɓa sauka a kansu ba.

Ban da su, tsohon bai bar wa 'yarsa komai ba sai fanka mai ƙafa ɗaya. Ita kuwa Marlene buri ɗaya gare ta a duniya: ta bar wannan tanderun da muke kira gari, ta sayi ɗan gida a jihar Oregon kusa da ƙanwarta, inda ake ruwan sama ba tare da an sa shi a labarai ba. Ta ji an ce akwai mutanen da ke tara tsofaffin sulallan caca, har taro suke yi a nan duk bazara, kuma na bana saura 'yan makonni. Ta ce a kai musu kwalayen su duba.

Nan Orville ya shigo maganar. Orville kan ce ya yi shekara talatin a manyan gidajen caca, kuma gaskiya ne. A ɗakin cin abinci ya yi su, sanye da doguwar farar hula, yana yanka wa mutane gasasshen naman sa. Amma ƙofar ɗakin tana kallon teburan karta, kuma a ganinsa wannan ya isa digiri.

"A kai musu haka?" in ji shi. "Marlene, dubi abin nan. Wa zai yarda wannan ya girmi motarmu? Cewa za su yi jiya na buga su a gareji. 'Yan sanda za su kira mana."

"To ai tsofaffi ne."

"Tsufa ba a baki yake ba, a fuska yake. Ki dubi Farfesa."

Ni ne Farfesa. Ban taɓa koyarwa a jami'a ba, tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, amma a unguwarmu ta gidajen tirela, irin 'yan gidajen nan da ake ja da mota, duk mai kabad ɗin littattafai farfesa ne. Na ce masa, a iya ɗan abin da na sani, masu tara kayan da sun fi son abu ya zo musu lafiyayye.

"Farfesa, kai ka san Yaƙin Basasa, ni na san caca. Na taɓa gyara maka ranar da aka harbe shugaban ƙasa?"

"Sau biyu," na ce.

"To ka gani."

Marlene ta riga ta sayi tikitin zuwa Oregon don ta fara duba gidaje, za ta dawo ranar taron. A bakin tasi ta riƙe masa kwalar riga.

"Orville, kada ka sayar da ko ɗaya kafin in dawo. Rantse."

"Na rantse da kabarin babanki. Ko ɗaya."

Ya cika alkawari, wannan kam ba mai ƙwace masa.

Tun tasi ba ta sha kwana ba ya bayyana mini shirinsa. Zai zuba wa sulallan shekara arba'in da biyar cikin mako uku. Ya ce aikin ƙwararru ne, akwai masu yin sa a asirce, shi ma sau ɗaya aka yi masa tayi ya ƙi saboda Marlene ba ta son tafiye-tafiye.

Matakin farko shi ne hannun jama'a. Ya kafa tebur a ƙarƙashin rumfar motarsa, ya gayyaci unguwa karta, da sharaɗin kada kowa ya wanke hannu. Ya soya kaji ya raba don yatsu su yi maiƙo. Aka kwana huɗu ana yi. Madam Ocampo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke kula da ɗakin wankin unguwa, ta cinye kowa tas kowace rana, har ta fara tambaya ko ana iya canza abin zuwa kuɗi. Sulallan kuwa, da aka goge maiƙon, suka fito suna ƙyalli fiye da da.

"An yi su da kyau," na ce.

"Taurin kai ne," in ji Orville. "Alfadari ne fa."

Washegari da hantsi muka ji ƙara daga ɗakin wanki kamar an buɗe wuta a fagen daga. Wani tsohon soja da ke tirela ta ƙarshe ya kwanta rub da ciki a bayan kwandon shara. Muka tarar da babban injin wanki yana tafiya da ƙafarsa ya nufi ƙofa, Orville ya rungume shi ta baya kamar mai raba faɗa, ruwan kumfa na malala har titi. Madam Ocampo ta zare wayar wuta.

"Mista Tackett, me ka zuba a injina?"

"Kaya masu nauyi ne, Madam. Akwai maɓallinsu a jiki, na karanta."

"Bargo ake nufi! Bargo, ba tsakuwa ba!"

"Ba tsakuwa ba ce, tarihi ne."

"To tarihinka ya fasa min ganga. Gobe Asabar, mutum arba'in za su zo da wanki. A ina za su yi, a bakinka?"

Makon nan duka unguwa ta yi wanki a bahon wanka, aka shanya kamfai a kan kowace katanga. Orville ya bi layi yana gaida mutane, ba mai amsawa. Ya ce mini haka aka yi wa duk wanda ya zo da sabon abu, in duba littattafaina.

Wankin ya ɗan dusashe su, amma ya kawo wata matsalar: yanzu ƙamshin sabulu suke yi. Orville ya shinshina ɗaya ya girgiza kai.

"Gidan caca na da, Farfesa, me kake fara ji in ka shiga? Hayaƙi. Taba, giya, gumi, baƙin ciki. Gwani da hanci yake sayen kaya."

Ya jiƙa su kwana biyu a cikin baƙin kofi da ragowar giya. Sannan ya nemi a taimaka masa da busa musu hayaƙin taba, amma bayan maganar wanki masu sa kai suka yi ƙaranci. Sai ya jera su a cikin tukunyar ƙarfen da yake banda haƙarƙarin alade, ya hura itace, ya rufe. Tukunyar ta shekara goma ba a kankare ta ba. Kitsen da ke manne a murfi ya narke ya yi ta ɗiga a kansu yini guda.

Da ya shanya su a tsakar gida su huce, karnukan unguwa suka zo gaisuwa. Har daga ƙetaren titi wasu suka tsallako, irin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Orville ya tsaya a tsakiya da tsintsiya yana juyi kamar fanka. Cikin hargitsin, Pepito, ɗan mitsitsin karen Madam Ocampo, ya haɗiye baƙa ɗaya daga cikin sulallan.

"Madam, karenki ya tafi da gadon matata."

"Gadon matarka ya shaƙe min kare! In wani abu ya same shi, kai ma sai ka haɗiyi ɗaya a gabana."

"Ba faɗa na zo ba. So nake in san lokacin da yake fita."

Kwana biyu ana ganin Orville Tackett, gwanin gidajen caca, yana bin kare a baya da leda da cokali. Ta fito a rana ta biyu. Ya wanke ta, ya ɗaga ta sama a rana, ya daɗe yana dubawa, ya ce duk cikin tarin ita ta fi kama da ta gaske. Na lura yana kallon Pepito da wani irin tunani. Madam Ocampo ma ta lura. Ta kai karen gidan 'yarta.

Ranar nan Marlene ta bugo waya, ina zaune a wurin. Muryarta har inda nake. Ta ga wani gida mai ɗaki biyu da baranda, ana hango kogi, mai gidan ya yarda ya jira ta zuwa bayan taro.

"Sulallan suna nan dai ko?" in ji ta.

"Suna nan, ba wadda ta yi nisa."

"Me kake nufi da nisa?"

"Marlene, in kin gan su ba za ki gane su ba."

Wannan ma gaskiya ce.

Saura gefe. Duk da wanki da banda, gefen sulallan bai daina kaifi ba, kuma Orville ya ce sulen da ya sha wuya dole gefensa ya mulmule. Ya je wurin Hector, magini, wanda ke da injin kwaɓa siminti a bayan motarsa.

"Amigo, injin nan duwatsu yake ci," in ji Hector. "In dole ne, juyi kaɗan, mu kashe."

"Kai ban da bulo me ka sani? Zuba tsakuwa. Ni zan ce a tsaya."

Aka zuba sulalla, aka zuba tsakuwa da yashi, aka kunna. Mutane suka taru, don yanzu an gane duk inda Orville ya tsaya akwai kallo kyauta. Ganin jama'a ya sa ya hau kan bokiti ya fara ba da labarin daren da wani attajirin mai daga Texas ya nemi shawararsa kafin ya zuba dukiyarsa a kan launin ja a teburin caca. Labari ne mai tsawo, kuma a kowane bayarwa attajirin ƙara arziki yake.

"Orville, a kashe?" in ji Hector.

"Bari in kai ƙarshe."

"Ƙarar ta canza fa."

"Shekarun ne ke shiga. Kowane juyi wata guda ne."

Sai da attajirin ya ci, ya rungume Orville, ya yi masa tayin auren 'yarsa, sannan aka kashe inji. Abin da ya zubo a kan buhu ya yi kama da biskit ɗin da aka zauna a kai. Ja da kore da baƙi duk sun sasanta sun zama ruwan ƙasa. Alfadarin kuwa, a wasu ba kai, a wasu ba ƙafafu, a mafi yawa murmushin kawai ya rage.

Hector ya cire hula.

"Kun gani?" in ji Orville. "Wannan shi ne tsufa. Ko baban Marlene ya tashi ba zai musa ba."

Kwalayen ma ya ce sun cika tsabta, za su tona asiri. Ya zuba su a shara, ya ɗura kayan a bokitin fenti biyu.

Ranar taro rabin unguwa suka bi mu, har Madam Ocampo, wadda ta ce ko da kuɗi ake shiga za ta biya. Babban zaure ne a wani otal, sanyi kamar firij, cike da dattawa masu gilashin ƙara girma rataye a wuya. Kowane tebur ka duba, sulalla ne ɗaya-ɗaya a cikin 'yan gidajen roba, wasu ma sai an sa farar safar hannu ake taɓa su. Kuma duk ƙyalli suke. Na nuna wa Orville haka, a hankali.

"Jabu ne," ya raɗa mini. "Duk zauren nan jabu. Yau za su ga na gaske."

Ya yi hayar tebur a tsakiya. Ya buga gindin bokiti da cokali har zauren ya juyo.

"Jama'a! Ku ajiye kayan wasan yaran nan ku matso. Alfadarin Tagulla! Ba ɗaya ba, ba goma ba, dukiyar gidan gaba ɗaya!"

Sunan ya yi aiki. Na ga dattawa masu sanda suna sauri. Daidai lokacin Marlene ta shigo daga filin jirgi, tana jan akwatinta, da hoton gidan a hannu. Ta kutsa gaba. Orville ya kashe mata ido, ya ɗaga bokiti ya juye.

Ƙura ta tashi, ƙamshin haƙarƙari ya cika zauren.

Wani dogon dattijo mai ɗaurin wuya ya matso. Shi ne Mista Lyman Fitch, shugaban ƙungiyar masu tara sulallan, wanda aka ce in ya kalli sule sau ɗaya zai gaya maka shekarar da aka buga shi. Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ya duba, ya shinshina, ya ajiye, ya goge hannu.

"Gobara aka yi?"

"A'a."

"Ambaliya?"

"Yallaɓai, shekaru ne. Ka san abin da shekaru ke yi."

"Na san abin da shekaru ke yi. Ban san suna sa barkono ba."

"Orville," in ji Marlene, "ina sulallan babana?"

"Ga su nan, na gyara su. Da kin kawo su yadda suke, sababbi fil a kwali, da yanzu muna ofishin 'yan sanda."

Mista Fitch ya juyo a hankali. "Sababbi? A kwali?"

"Kamar yau aka yi su. Abin kunya. Mako uku na yi ina fama."

"Kwalayen kamfanin da ya buga su? Da hatimi?"

"Na zubar. Ni ba yaro ba ne."

Wani ya turo wa Mista Fitch kujera, ya zauna. Da ya samu numfashi ya yi magana a hankali, irin yadda likita ke yi wa dangi.

"Mista Tackett, gidan caca ba ya sayen sulalla daidai da teburansa. Yakan sayi ninki. Baƙi na tafiya da wasu a aljihu, wasu na fashewa, kuma in ɓarawo ya yi jabu, dole a kwashe na kan tebur gaba ɗaya a sauya da wasu. To na ajiyar nan a ɗakin ƙarfe suke zama, cikin kwalinsu, suna jiran ranar da za a neme su. Sau da yawa gidan kan mutu ranar ba ta zo ba. Akasari a binne su. Jefi-jefi wani ya yi ƙyuya, ko ya yi wayo, sai bayan shekaru a buɗe wata rumfa a gan su kamar jiya aka kawo. Duk mutanen da ka gani a zauren nan, wannan rumfar suke mafarki."

"To ai nawa sun fi," in ji Orville. "Nawa sun ga rayuwa. Waccan ma ta bi ta cikin kare."

Wanda ke riƙe da waccan ya ajiye ta.

Marlene ta miƙa wa Mista Fitch hoton. "Yallaɓai, kada ka ɓoye min. Da sun zo yadda babana ya bar su, za su sayi wannan?"

Ya duba hoton, ya duba tarin da ke kan tebur, ya kimanta da ido.

"Ɗaki nawa?"

"Biyu. Da baranda."

"Da barandar," in ji shi.

"Yanzu fa?"

"Kina da tukwanen fure? Suna hana ƙasa toshe ramin gindi."

Madam Ocampo ta nemi kujera ita ma, amma ita dariya ce ta kayar da ita.

Can daga baya wani mai ƙiba ya ɗaga murya. "Lyman, tambaye shi ko akwai saura!"

Sai na ga fuskar Mista Fitch ta fara sauyawa, kamar wanda ya tuna ba shi aka yi wa rasuwar ba. Ashe lafiyayyun sulallan Alfadarin Tagulla da aka sani a duniya ba su cika tafin hannu biyu ba, kuma duk masu su suna tsaye a wurin. Da kwalayen Marlene sun fito, da abin da kowannensu ke taƙama da shi ya zama na kowa da kowa, farashi ya faɗi warwas.

"Mista Tackett," in ji shi, "ka tabbata ba ka bar ko kwali ɗaya ba? Ka tuna da kyau. Ƙarƙashin gado? Bayan kabad?"

Orville ya miƙe ƙirji. "Yallaɓai, ni ba na aiki rabi da rabi."

Mai ƙibar ne ya fara tafi. Wasu suka kama. Kafin ka ce me, zaure ya ɗauka, dattawa na layi suna girgiza masa hannu, wata tsohuwa ta sumbace shi a kumatu. Orville ya rusuna hagu, ya rusuna dama, ya waiwayo ya ce mini, "Farfesa, ka rubuta wannan a tarihinka."

Marlene ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi hotonta ta sa a jaka, ta jira tafin ya lafa.

"Su mako uku ka yi ka tsufar da su," ta ce. "Ni sai da ka ɗauki shekara arba'in. Hannunka ya faɗa, Orville."

Ta ja akwatinta ta fita, tasin da ta kawo ta ma ba ta bar layi ba. Yanzu tana Oregon, a ɗakin baƙi na ƙanwarta, tagar na kallon bangon gareji. Ta rubuto wa Madam Ocampo cewa ana ruwa kullum.

Bayan wata guda ƙungiyar ta aiko wa Orville allon yabo na katako mai rubutun zinariya. Ya kafa shi a falo, kuma duk wanda ya shiga sai ya karanta masa da ƙarfi. An rubuta cewa an ba shi ne saboda babu wani mutum, rayayye ko matacce, da ya kai shi ɗaga darajar sulallan Alfadarin Tagulla. Na bincika, farashinsu ya ninka.